Amsa Ga Mai Koko Ta Aboabo: Shekara Uku Za Ki Roƙar Wa Yarinyar Nan

Wasiƙar da ta iso mini a wannan mako daga Kumasi ta ƙasar Gana take, kuma ga abin da ta ƙunsa bayan na sakaya sunaye:

"Assalamu alaikum, Malama. Ina zaune a Aboabo, sana'ata sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Maigidana direba ne, Allah Ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce, ya bar ni da 'ya'ya uku. Babbar shekararta 15, tana ajin ƙarshe na JHS, wato ƙaramar sakandare, a makarantar gwamnati, kuma malamanta sun ce tana da kai, ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara 12, yana aji shida, amma har yau ba ya iya karanta layi biyu a jere, ga shi ya fara gudun makaranta yana bin masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da masu tsintar ƙarfe. Autar ba ta wuce shekara biyar ba. Ƙanen mijina ne yake biya mana kuɗin ɗaki. Ya ce da zarar yarinyar ta gama BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, za ta koma shagon matarsa a kasuwar Kejetia ta koyi ciniki da ɗinki, in miji ya fito a aurar da ita, domin a cewarsa karatun kyauta a baki ne kawai, kuma ga masu digiri nan suna yawo babu aiki. Ita yarinyar nas take so ta zama, ranar da ta ji maganar kwana ta yi tana kuka. Ita ce kuma hannun damana a sana'a, tun ƙarfe uku na dare muke tashi tare. Ina tsoron in saɓa masa ya janye hannunsa daga kanmu, ina kuma tsoron hakkin marainiya. Don Allah ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya kyautata makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Ra'ayina a bayyane yake, kuma gara in faɗe shi tun daga farko: kada ki yarda karatun yarinyar nan ya tsaya a BECE, kada kuma ki yarda maganar ta zama faɗa tsakaninki da baffanta. Abubuwa biyun nan suna iya yiwuwa tare, amma sai kin yi aikin da yawancinmu ba mu saba yi ba, wato ki zauna ki san ainihin abin da karatun zai ci, ki san ƙofofin da ake bi, sannan ki je wurinsa da lissafi a hannu maimakon hawaye.

Bari mu fara da maganarsa ta kuɗi, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma ba za ki ci nasara a kan mutum ba in kin ƙi amincewa da gaskiyar da ke bakinsa. Tun watan Satumba na 2017 gwamnatin Gana ta ɗauke wa iyaye kuɗin babbar sakandare ta gwamnati. Kuɗin karatu, kuɗin ɗakin kwana, abinci sau uku ga 'yan kwana da sau ɗaya ga 'yan jeka-ka-dawo, manyan littattafai da kayan makaranta, duk suna cikin abin da aka ɗauke, kuma gwamnatin da ta hau a 2025 ta ci gaba da tsarin. Kafin wannan lokaci na ga yara da yawa a zangunanmu sun ci jarrabawa, an ba su makaranta, amma takardar ta tsufa a ƙarƙashin katifa saboda babu kuɗin shiga. Wannan katangar ta faɗi. Abin da ya rage wa uwa shi ne kayan da makaranta za ta rubuto a takarda: akwatin ƙarfe, akwatin katako na ajiye abinci, katifa, zanen gado, gidan sauro, bokiti, takalma, sabulu, sai garin rogo da shito, wato yajin barkono da ake soyawa da mai, da sukari na tokare ciki, tunda abincin makaranta ba kullum yake ƙosarwa ba, sai kuma kuɗin mota da ɗan abin da za a riƙe a aljihu. Ga mai albashi waɗannan ba komai ba ne, amma ga mai kirga ribarta da ƙwaryar koko nauyi ne na gaske, kuma in sun zo a mako guda suna iya karya jari. Maganinsu shi ne kada a bari su zo a mako guda. Ki shiga Kejetia da kanki, ki tambayi farashin kowane abu, ki sa yarinyar ta rubuta, sannan ki raba jimillar a kan watannin da suka rage. Ki shiga adashi, wanda muke kira susu a nan, ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo daidai lokacin da ake fitar da sunayen makarantu. Akwati da bokiti ba dole ne su zama sababbi ba. A kowane layi na Aboabo akwai gidan da ɗiyarsu ta gama sakandare, akwatinta yana ajiye ana zuba tsummokara a ciki.

Maganarsa ta biyu ita ce masu digiri suna yawo babu aiki. Wannan ma ba ƙarya ya yi ba, har waɗanda suka gama kwalejin aikin jinya da ta malanta sukan jima suna jiran gwamnati ta tura su wurin aiki. Sai dai ki lura da abin da ake nema a yanzu. Ba digiri ake roƙa wa yarinyar nan ba, takardar WASSCE, jarrabawar kammala babbar sakandare, ake roƙa mata, kuma wannan takarda ita ce mabuɗin kusan kowace ƙofa da ke gaba: kwalejin jinya da unguwarzoma irin wadda ke haɗe da asibitin Komfo Anokye, kwalejojin horar da malamai, jami'a, har aikin ɗamara. Ɗinki da ciniki ba sa guduwa. Yarinya 'yar shekara 18 da ta gama sakandare tana iya zama a gaban keken ɗinki ta koya, kuma za ta fi saurin kama awo da lissafin riba. Amma wadda aka cire a shekara 15 ta yi shekara uku a kasuwa, da wuya ƙwarai ta sake komawa kan benci, ko da doka ta bar mata hanya. Abu ɗaya yana jira, ɗayan ba ya jira, shi ya sa ake fara da wanda ba ya jira. Game da aure kuwa, dokar yara ta 1998 ta ƙayyade shekara 18, saboda haka shekara ukun da za ki roƙa ba su tauye masa komai ba a wannan fannin.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki, kuma ina roƙon ki karɓe shi a matsayin maganar yaya ga ƙanwarta. Kin ce tun ƙarfe uku na dare kuke tashi tare. A shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar gwamnati a cikin zango, na taɓa samun wata ɗaliba mai kaifin basira wadda kullum da misalin ƙarfe goma sai kanta ya faɗi a kan tebur. Na yi mata faɗa, na tsayar da ita a bayan aji, har na rubuta a katinta cewa tana da kasala. Wata rana na kama hannunta zan nuna mata yadda ake ja layi da rula, sai na ga busasshen ƙullun wake a gefen farcenta, ga tabon mai mai zafi a bayan hannu, hijabinta kuma yana warin hayaƙi. Da na tambaye ta, ta ce takan kai niƙa bayan isha'i, ta tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta tsaya a bakin kasko har ƙarfe bakwai, sannan ta ruga makaranta ba tare da ta karya ba, ita da take sayar wa mutane abin karyawa. Na ji kunyar abin da na rubuta a katin nan, har yau kuma ban manta ba. Tun daga ranar na gane cewa abin da ɗan talaka ya fi rasawa a karatu shi ne lokaci da barci. Ɗan mai hali yana dawowa gida ya ci abinci, ya huta, malamin darasi ya zo ya zauna da shi. Ɗiyar mai koko tana shiga ɗakin jarrabawa ɗaya da shi, ta amsa tambaya ɗaya, alhali rabin darenta ya tafi a bakin murhu.

Ban faɗi wannan don in ɗora miki laifi ba, domin da wannan kaskon ne kike ciyar da marayu, kuma Allah Yana ganin wahalarki. Amma in ɗiyarki tana zuwa ta uku da wannan gajiya, ki yi tunanin inda za ta kai in ta sami barci. Daga yau zuwa ranar da za ta ajiye alƙalamin BECE, ki 'yanta ta daga tashin dare. Ki mayar da aikinta na yamma: ta gyara wake, ta jiƙa gero, ta kai niƙa kafin magariba, ranar Asabar da Lahadi kuma ta tsaya miki a wurin sayarwa. Da asuba ki nemi wata babbar mace a gidanku ko maƙwabta wadda za ta kama miki aiki ki riƙa ba ta wani abu, ko ki rage yawan abin da kike dafawa na waɗannan watanni. Na san ribar za ta ragu, kuma na san abin da raguwar ke nufi a tukunyarki. Duk da haka wannan ita ce sadaka mafi girma da za ki yi wa yarinyar, ta fi kowane littafi da za ki saya mata. Ki kuma nema mata inda za ta zauna ta yi karatu awa biyu bayan magariba, inda akwai haske kuma babu talabijin, ko da barandar wata maƙwabciya ce, ita da ƙawaye biyu masu himma, su riƙa bin tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Littafin tsofaffin tambayoyi ana samunsa na hannu, kuma ɗaliban da suka wuce sukan bayar kyauta in an tambaye su.

Sai batun fom ɗin zaɓen makarantu, wanda a nan ne 'ya'yan talakawa da yawa suke yin asara ba tare da kowa ya lura ba. A BECE ana ba da maki daga 1 zuwa 9 a kowane darasi, 1 shi ne mafi kyau, sannan a haɗa darussa shida, huɗu na dole da biyu mafiya kyau daga sauran, ta yadda wanda ya fi kowa zai tashi da jimilla 6. Tun 2005 kwamfuta ce take raba ɗalibai zuwa makarantu bisa sakamakonsu da kuma zaɓin da suka cike a fom. An kasa makarantu rukuni-rukuni, na A su ne waɗanda kowa ke rububi, irin su Prempeh da Opoku Ware ga maza, da Yaa Asantewaa da St. Louis ga mata, kuma an ƙayyade yawan da ɗalibi zai iya zaɓa daga wannan rukuni. Abin da iyaye da yawa a zango ba su sani ba shi ne an ware kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantun nan domin yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, wato irin ɗiyarki. Saboda haka kada ta raina kanta ta ƙi sa babbar makaranta a zaɓin farko. Kada kuma ta cika sauran guraben da makarantun da suka fi ƙarfin makinta. Na ga yarinyar da ta ci jarrabawa da kyau amma sunanta bai fito ko'ina ba, saboda wani ɗan'uwanta ne ya cike mata fom a tsaye, ya jera sunayen da ya saba ji a rediyo, uwar kuma ta dangwala yatsa ba tare da an karanta mata ba. Daga baya sai da suka yi ta zarya a shagon intanet suna neman gurbin da ya rage, aka ƙare da wata makaranta mai nisa da darasin da ba ta so. Ƙa'idojin fom ɗin sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka ki ajiye kasko na rabin yini ki je makarantar da kanki, ki zauna da malamin ajinsu, ki ce ya faɗa miki tsakani da Allah makin da yake hasashen za ta samu, ku jera zaɓin daga sama zuwa ƙasa bisa wannan. Rashin jin Turanci ba abin kunya ba ne a nan. Ki yi magana da Hausa ko Tuwi, harshen mutanen Asante, yarinyar ta fassara. In kuma wani ya zo miki da cewa zai samo mata gurbi a babbar makaranta in kin ba da kuɗi, ki riƙe kuɗinki, domin rabon makarantu ba a sayar da shi, kuma kowace shekara ana damfarar iyaye ta wannan hanya.

Tunda aikin jinya take so, ta sa fannin kimiyya a gaba in makinta zai kai, domin shi ne ya fi buɗe ƙofofin aikin lafiya. In bai samu ba, kada ta ɗauka an gama da ita, kwalejojin jinya suna karɓar ɗalibai daga wasu fannonin ma, muddin sun sami daraja daga A1 zuwa C6 a Turanci da lissafi da kimiyya da kuma darussan zaɓi uku. Lissafi da Turanci su ne suke kayar da yaranmu, su za ta riƙe da hannu biyu tun yanzu.

Kwana ko jeka-ka-dawo? A halin da kike ciki ni na fi karkata ga kwana, duk da cewa kayan shiga sun fi yawa kuma za ki rasa mai taya ki. A makarantar kwana akwai lokacin nazari na dole kowane dare, akwai wuta, akwai abinci, babu kuɗin mota na kullum, babu kuma mai aikenta. Na san abin da ke sa iyayenmu ɗari-ɗari, wato salla da azumi da suturar yarinya, kuma damuwar tana da tushe, domin an sha yin muhawara a ƙasar nan kan yadda wasu makarantu suke bi da ɗalibai Musulmi. Amma Kumasi ba ta rasa mafita ba. Akwai T.I. Ahmadiyya da aka kafa tun 1950, akwai babbar sakandaren Musulunci ta Abrepo, akwai Sakafiya a Sawaba da Azhariya a Tafo. Ki tambayi iyayen da 'ya'yansu suke ciki a yanzu, su ne za su gaya miki yadda zaman yake. Wannan batu kuma makami ne a hannunki ranar da za ki zauna da baffanta, domin sau da yawa abin da namiji yake kira rashin kuɗi, in an tona, tsoron lalacewar tarbiyya ne.

Akwai wani ƙaramin abu da nake so ki duba a wannan makon, wato takardu. Ki ɗauko takardar haihuwarta ki gwada da abin da aka rubuta a rajistar BECE, harafi da harafi, da ranar haihuwa. Sunayenmu na zango kowane magatakarda da yadda yake rubuta su, yau a sa harafi biyu gobe a sa ɗaya, kuma wannan ɗan bambanci yakan dawo ya tare yaro shekaru bayan haka, a lokacin yin Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko neman rancen karatu. Ki haɗa takardar rasuwar mahaifinsu da katunan sakamakonta na kowane zangon karatu a leda guda, ki adana, domin duk inda za ki nemi tallafi su za a fara tambaya.

To, yaya za ki tunkari baffan yara? Mutumin da ya yi shekara uku yana biyan kuɗin ɗakin matar wansa ba maƙiyi ba ne, kuma ya cancanci a fara masa da godiya. Kada ki aika yarinyar, kada ki yi maganar a waya, kada kuma ki yi ta a gaban matarsa, tunda ita ma tana da buƙatar hannu a shago, kuma namiji ba ya son a ga ya janye magana a gaban iyalinsa. Ki nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko wani babba a dangin marigayi, ki fara yi masa bayani shi kaɗai, sannan ku tafi tare. Ki riƙe katin sakamakon yarinyar da takardar lissafin da kika yi. Ki ce masa: "Baffa, ba kuɗi na zo nema ba, kayan shiga na ɗauki nauyinsu. Izini na zo nema, ka ba marainiyar wanka shekara uku." Ki yi masa alkawarin cewa duk hutu za ta zauna a shagon matarsa, ta koyi cinikin da ɗinkin da yake so ta koya, kuma hutun sakandare ba kaɗan ba ne. Ki roƙe shi ya zama shi ne waliyyinta a takardun makaranta, shi zai raka ta ranar farko, shi za a kira in akwai taron iyaye. Mutum yakan kare abin da aka sa sunansa a kai. In ya kawo maganar addini, malamin da kuka je da shi ya fi ki sanin abin da zai faɗa game da neman ilimi da kuma amanar maraya. Ke dai ki tuna masa cewa matanmu da kansu suna neman mace ta duba su a ɗakin haihuwa, kuma waɗannan matan daga wani gida suke fitowa.

Mai yiwuwa ne duk da haka ya ƙi, har ya yi barazanar janye kuɗin ɗaki. Ba zan ce miki hakan ba zai faru ba. Shi ya sa nake so ki fara ƙwanƙwasa wasu ƙofofi tun kafin ki je wurinsa, don kada tsoro ya yi magana da bakinki. Aboabo tana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong. Ki je ofishin jin daɗin jama'a na can ki bayyana cewa kina riƙe da marayu uku, ki tambayi shirin LEAP, wanda tun 2008 yake tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da ke kula da marayu. Ki ga ɗan majalisar unguwarku, domin majalisun gundumomi da 'yan majalisar dokoki suna da kason da suke taimaka wa ɗalibai mabuƙata da shi, kuma wanda ya kai takarda da wuri shi ake tunawa. Akwai asusun ilimi na Otumfuo da Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Tutu na Biyu ya kafa a 1999, akwai asusun zakka da sadaka da 'yan majalisa Musulmi suka assasa, akwai kuma attajiran unguwa da suke fitar da zakka kowace shekara, waɗanda da yawansu za su fi son su ga katin sakamakon marainiya a gabansu su san inda dukiyarsu ta tafi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake tabbas, wasu za su ce ki dawo gobe har ki gaji. Ki nema duk da haka, kuma ki tafi da magajiyar unguwa in tana da kirki, domin ƙafa biyu sun fi ɗaya a irin waɗannan ofisoshi.

Ban manta da yaron ba, kuma gaskiya shi ya fi ba ni tsoro, saboda ita yarinyar tana da malamai masu yaba mata, shi kuwa babu mai yaba masa sai masu aboboya. Yaron da ya kai aji shida bai iya karatu ba, ba ƙiwuya ce take fitar da shi daga aji ba, kunya ce. Yana zaune awa shida yana kallon allo kamar bango, a tashe shi ya karanta, yara su yi dariya. A waje kuwa yana ɗaga ƙarfe a ba shi sidi biyu a kira shi namiji. Kuma ki sani ba shi kaɗai ba ne. Ɗan zango a Kumasi yana tashi da Hausa a gida, ya je makarantar allo ya tarar da Larabci, ya je ta boko ya tarar da Turanci da Tuwi, tunda Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu. Yaron da bai sami mai riƙe hannunsa a aji ɗaya da aji biyu ba, haka za a yi ta tura shi gaba kowace shekara da raminsa a ƙasa. Duka ba ya cike wannan rami. Abin da yake cike shi shi ne a koma da shi farko, a koya masa sautin haruffa da haɗa su, rabin awa kowace rana, a wurin da babu mai yi masa dariya. Ki tambaye shi ko yana iya karanta allonsa na Alƙur'ani. In yana iyawa, to kin sami hujjar cewa kansa lafiya lau yake, domin wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a Larabci zai iya haɗa su a boko. Ki nemi wani ɗalibin sakandare mai haƙuri a unguwa, ko malamin Islamiyya da ya yi boko, ya riƙa zama da shi, ladansa ko da kokon safe da ƙosai ne. Kada ki ɗora wa yayarsa wannan aiki kafin ta gama jarrabawa.

In ya nuna hannunsa ya fi son ƙarfe da inji, wannan ba abin baƙin ciki ba ne a garin da yake da Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe. Amma doka ba ta yarda a ba da yaro koyon sana'a ba sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun tushe, kuma ko ba don doka ba, injin motar yau da kwamfuta ake duba shi, makanikin da ba ya karatu yana nan yana zama ɗan aiken wanda yake karatu. Ki gaya masa a fili cewa in ya daure ya gama JHS, akwai makarantun fasaha na gwamnati irin Kumasi Technical Institute, su ma kyauta ne, inda zai koyi gyaran mota ko wutar lantarki ko walda ya fito da takarda. Ki sa wani ya kai shi ya ga wurin da idonsa. Yaro ɗan shekara 12 yana buƙatar ya ga abin da ake ce masa ya jira.

Abin da zai biyo bayan sakandare kada ya hana ki barci yanzu. Akwai asusun rancen ɗalibai na gwamnati, wanda tun 2022 ba ya neman mai tsaya wa ɗalibi in yana da Ghana Card, a 2025 an fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi kuma tana da tallafin gidauniyar Mastercard ga masu ƙoƙari marasa hali. In lokacin ya zo za mu yi maganarsu dalla-dalla.

A daren yau, in kin gama jiƙa gero, ki kira ɗiyarki ki gaya mata cewa kin ji kukanta kuma kina tare da ita, amma kada ta ɗaga wa baffanta murya ko ta canza masa fuska, ta ci gaba da gaishe shi kamar kullum. Ki ce mata daga gobe ba za ki tashe ta ƙarfe uku ba. Sannan ki sa ta ɗauko takarda da biro ta fara rubuta jerin kayan da za ki tambayo farashinsu a Kejetia. In kun zauna da baffan, ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare, ki kuma gaya mini ko yaron ya iya karanta allonsa.